Manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa da ƙofofin da take buɗewa

Manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa ita ce ke bai wa ma'aikaci damar zama a ɗakinsa a Paris yana aiki da kwamfutar ofishinsa da ke Lyon. Fuskar waccan kwamfuta na bayyana a tasa, duk abin da ya latsa kuma can yake aiki. Windows na zuwa da irinta tun daga kamfani, kuma a kwamfutocin Faransa sunanta Connexion Bureau à distance. Akwai TeamViewer da ta fito a 2005 da AnyDesk da ta biyo baya a 2014, dukansu daga Jamus.

Kafin a haɗa kwamfutocin biyu, manhajar na ba da zaɓi iri biyu: yadda hoto zai bayyana, da abin da za a bari ya tsallaka tsakaninsu. Zaɓin hoto bai cika wahala ba. Idan intanet na jan ƙafa, rage girman fuska, sauko da zurfin launi daga bit 32 zuwa 16 da kashe hoton bango kan sa aiki ya yi sauri. Sai dai a cikin wannan sashe akwai maɓalli guda da ya cancanci a kula da shi. AnyDesk da TeamViewer na iya baƙanta fuskar kwamfutar da ake sarrafawa, ta yadda mai ita ba ya ganin komai alhali na nesa yana ta aiki. An yi shi ne don kare sirrin ma'aikaci daga masu wucewa, amma a hannun ɗan damfara ya zama labule.

Inda gizo ke saƙar shi ne rabon fayiloli. A manhajar Windows, mutum na iya haɗa rumbun ajiyar kwamfutarsa, da filashin da ya soka, da firinta, da ma'ajiyar abin da ya kwafa. Da zarar an haɗa rumbun, kwamfutar nesa na iya karanta abin da ke ciki, ta kuma zuba nata. Idan kuma an haɗa ma'ajiyar abin da aka kwafa, kalmar sirrin banki da aka kwafa a nan za ta iya bayyana a can. A Oktoban 2024, Microsoft ya bayyana cewa gungun masu kutse na Rasha da ake kira Midnight Blizzard sun riƙa aika fayilolin haɗi masu ƙarewa da .rdp ta imel, waɗanda an riga an saita su su miƙa rumbu da sauran kayan wanda ya buɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuwa mai gidan ne ke tsaga bangon da hannunsa.

Talakan Faransa ya fi gamuwa da wannan ta hanyar damfarar masu gyaran bogi. Saƙo mai ban tsoro ya cika fuskar kwamfuta, wani lokaci har da ƙara, yana cewa ƙwayar cuta ta shiga, a kira wata lamba. Wanda ya ɗauka sai ya ce shi ma'aikacin Microsoft ne, ya sa a saukar da manhajar, a karanto masa lambar shiga, daga baya ya nemi kuɗin gyaran da bai yi ba. A farkon 2019 jandarmomi sun kama mutum uku a yankin Lyon bisa binciken da ofishin mai gabatar da ƙara na Paris ya jagoranta, kan damfarar da ta shafi mutane kusan 8,000 da kuɗi kusan Yuro miliyan 2. A dokar Faransa, hukuncin damfara ya kai ɗaurin shekara 5 da tarar Yuro 375,000.

Saitin da ya fi aminci shi ne wanda ke rufe komai sai abin da aikin ranar ke buƙata. Maimakon a buɗe rumbu gaba ɗaya, a ware jaka guda. A kashe izinin tura fayil da na baƙanta fuska kafin a amince da baƙo, a kuma kashe shiga ba tare da neman izini ba, domin shi ke bai wa wanda ya taɓa shiga damar dawowa cikin dare. Ofisoshi kuma kada su bar mashiga mai lamba 3389 a buɗe ga intanet, don masu kutse na laluben ta dare da rana.

Microsoft ba ya sanya lambar waya a saƙon gargaɗinsa. Wanda ya riga ya faɗa tarkon ya cire intanet nan take, ya goge manhajar, ya sauya kalmomin sirrinsa daga wata na'ura dabam, ya sanar da bankinsa, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko jandarmomi. A Faransa, shafin gwamnati na Cybermalveillance.gouv.fr, wanda aka buɗe a 2017, yana haɗa waɗanda abin ya shafa da masu gyara na gaskiya a kusa da su.