Lissafin da ke ƙarƙashin aikin kwamfuta

A makarantun sakandare da dama, darasin kwamfuta kan tsaya ne a kan sanin sassan na'urar da koyon buga rubutu.

Sai dai ginshiƙin wannan ilimi wani reshe ne na lissafi, wanda za a iya kira lissafin ƙidayayyun abubuwa. Ɗalibin da bai san shi ba zai iya sarrafa manhajar da wasu suka ƙera, amma da wuya ya ƙera tasa.

Awo da ƙidaya

Ruwa da nisan tafiya auna su ake yi, domin ba su da gaɓoɓi. Mutane da garuruwa da haruffa kuwa ƙirga su ake yi ɗaya bayan ɗaya.

Kwamfuta tana ɓangare na biyu ne, domin duk abin da ke cikinta, rubutu ko hoto ko murya, jeri ne na lambobi biyu: 0 da 1.

Tambayoyin wannan fanni ba su fi ƙarfin ɗan sakandare ba. Idan mutum 10 suka haɗu, kowa ya yi musafaha da kowa sau ɗaya, musafaha nawa aka yi? Amsar ita ce 45. Haka kuma lambar sirri ta katin banki mai alƙaluma huɗu tana da fuskoki 10,000.

Gadoji bakwai

A shekarar 1736, masanin lissafi Leonhard Euler ya warware wata matsala ta birnin Konigsberg, wanda a yau ake kira Kaliningrad a ƙasar Rasha.

Gadoji bakwai ne suka haɗa sassa huɗu na birnin, ana kuma tambayar ko mutum zai iya ƙetare kowace gada sau ɗaya tak a tafiya guda.

Euler ya lura cewa duk sashen da matafiyi zai shiga ya kuma fita, dole ne adadin gadojinsa ya rabu biyu daidai, in ban da wurin farawa da na ƙarewa. A birnin kuwa, sashe ɗaya na da gadoji biyar, sauran ukun na da uku-uku. Saboda haka tafiyar ba za ta yiwu ba.

Daga nan ne aka sami nazarin ɗigo da layukan da ke haɗa su, wanda da shi ake tsara hanyoyin intanet. A wannan fanni ne Edsger Dijkstra, ɗan ƙasar Holan, ya wallafa dabarar gano hanya mafi kusa tsakanin wurare biyu a 1959.

Wani ginshiƙin shi ne manɗiƙi. A 1854 George Boole na Ingila ya mayar da hukuncin gaskiya da ƙarya lissafi, sannan a 1937 Claude Shannon na Amurka ya nuna cewa za a iya aiwatar da wannan lissafi da makunnan lantarki.

Shigarsa makarantu

A 1989 ƙungiyar malaman lissafi ta Amurka, NCTM, ta sanya fannin cikin abubuwan da ta ba da shawarar a koyar a manyan azuzuwan sakandare. A Ingila ma, manhajar karatun kwamfuta da ta fara aiki a 2014 ta tanadi koyar da manɗiƙin Boole ga ɗalibai daga shekara 11 zuwa 14.

A Najeriya, manhajar lissafi ta hukumar WAEC ta ƙunshi wasu sassansa, kamar ƙidaya da 0 da 1, da manɗiƙi, da lissafin zagaye irin na agogo, inda awa biyar bayan ƙarfe tara ke zama ƙarfe biyu. A kan irin wannan lissafin zagaye aka gina tsarin RSA na 1977, mai ɓoye sirrin bayanai a intanet.

Koyar da fannin bai dogara ga na'ura ko wutar lantarki ba. Shirin CS Unplugged, wanda Tim Bell na Jami'ar Canterbury a New Zealand da abokan aikinsa suka fara a shekarun 1990, da katuna da alli da wasanni yake koyar da yara.

Abin da ake buƙata shi ne malamin da zai nuna wa ɗalibi alaƙar darasin da ke kan allo da wayar da ke aljihunsa.