Audacity: Yabo Ne Ko Zargi?

Kalmar audacity ta shigo Ingilishi ne daga Latin, daga audere, wato mutum ya tunkari abin da kowa ke shakka. Fuska biyu gare ta. Idan Bature ya ce kwamanda ya nuna audacity a fagen daga, jinjina masa yake yi. Idan kuwa ya faɗe ta kan yaron da ya mayar wa ubansa da magana, tsaurin ido yake nufi, ko ma fitsara.

Mai fassara labarai bai kamata ya ɗauko jarumta duk inda ya gan ta ba, domin rabin ma'anar kawai ya kawo. Ƙarfin hali ya fi kusa, don shi ma yana tafiya ta ɓangarorin biyu. Muna yaba wa matar da ta riƙe marayu da ƙarfin hali, kuma mu ne muke cewa ƙarfin hali, ɓarawo da sallama.

Barack Obama ya ɗaga darajar kalmar a jawabinsa na babban taron jam'iyyar Democrat a Boston a 2004, lokacin yana ɗan majalisar jihar Illinois. A 2006 ya sanya wa littafinsa suna The Audacity of Hope, lafazin da ya samo daga huɗubar fastonsa Jeremiah Wright. Nufin lafazin shi ne halin wanda ya ƙi yanke ƙauna alhali duk alamu na ce masa ya haƙura.

Abin da ya fi damuna shi ne wane ke da ikon zaɓar fuskar da za a nuna. Ranar 2 ga Maris, 1955, a birnin Montgomery na jihar Alabama, Claudette Colvin, yarinya baƙar fata 'yar shekara 15, ta ƙi tashi daga kujerarta a bas don farar fata ta zauna. Wata tara ke nan kafin Rosa Parks, ita ma baƙar fata, ta yi irin haka. 'Yan sanda suka fizgo ta, suka sa mata ankwa. A idon hukuma a ranar, rashin kunya ta yi. Amma tana cikin matan da suka shigar da ƙarar da ta sa kotu ta soke wariyar launin fata a bas-bas ɗin birnin a 1956. Duk da haka laifin da aka ɗora mata ya ci gaba da zama a takardunta har 2021, lokacin da alƙali ya ba da umarnin goge shi, tana da shekara 82.