Yadda Ake Ɗora Tsohon Fom A Kan Shafukan Da Kwamfuta Ke Fitarwa

Galibin takardun da jama'a ke zuwa karɓa a sakatariyar ƙaramar hukuma, kamar rasit na haraji da takardar shaidar zama ɗan asalin yanki, suna da fasali guda da aka daɗe da sani: tambari a sama, layukan da ake cikewa a tsakiya, wurin sa hannu da hatimi a ƙasa. Da kwamfuta ta shigo ofisoshi, ita ce ke fitar da sunaye da lambobi daga rajista, shafi bayan shafi, ba tare da akawu ya rubuta kowanne da hannu ba. Abin da ya rage shi ne yadda wannan rubutu zai faɗa daidai cikin guraben fom ɗin.

Hanyoyi biyu ake bi. Ta farko ita ce a zuba fom ɗin da aka riga aka bugo a maɗaba'a cikin firinta, kwamfuta ta rubuta bayanan a kansa. Ta biyu kuwa, a haɗa fom ɗin da bayanan tun a cikin kwamfuta su zama fayil ɗaya na PDF, sannan a buga a kan farar takarda. Kamfanin Adobe ne ya fito da tsarin PDF a shekarar 1993, kuma a 2008 ya zama ma'aunin ƙasa da ƙasa, saboda haka akwai manhajoji na kyauta, irin su pdftk da qpdf, da ke iya ɗora shafi a kan shafi.

A hanya ta biyu, sai a ɗauki fom ɗin tamkar tabarma, bayanan kuma tamkar kayan da ake jerawa a kanta. Tabarma a ƙasa take zama. Wannan na da muhimmanci matuƙa idan da na'urar sikana aka ɗauko hoton fom ɗin, domin farin da ke jikin hoton ba fili ba ne, fenti ne. In aka ɗora shi a sama zai rufe sunayen baki ɗaya, shafin ya fito kamar ba a cike shi ba. Haka kuma a lura da yawan shafuka. Umarnin shimfiɗa na pdftk shafin farko kaɗai yake ɗauka ya maimaita a ƙarƙashin kowane shafi. Fom mai shafi biyu na buƙatar wani umarnin dabam da ke haɗa na ɗaya da na ɗaya, na biyu da na biyu.

Inda aka fi samun tangarɗa shi ne girman takarda. A Nijeriya takardar A4 ake amfani da ita, mai faɗin milimita 210 da tsawon 297. Amma manhajoji da yawa sukan zo a saite da girman takardar Amurka, mai faɗin kusan milimita 216 da tsawon 279, wato ta gaza tamu tsawo da milimita 18. Wannan tazara ta isa ta sa sunan mutum ya hau layin sunan mahaifinsa, ko kwanan wata ya faɗa gurbin adadin kuɗi. Bugu da ƙari, firinta kan rage girman shafi da kanta don ya shige cikin iyakokinta. Ragin kashi 3 cikin 100 kawai na cinye kusan milimita 9 daga tsawon shafin. A nan ne hanya ta biyu ta fi ta farko, domin idan an riga an haɗa su, duk ragin da aka yi tare zai shafe su. Sai dai takardu masu lambar jeri ko alamar tsaro daga maɗaba'a dole ta hanyar farko za a bi da su.

Ga masu bin hanyar farko, kafin a taɓa ko da fom guda, a buga gwaji a kan farar takarda, a ɗora ta a kan fom ɗin, a ɗaga su zuwa hasken taga. Duk karkatar da ke akwai za ta bayyana. A gwada da suna mafi tsawo a rajistar, ba mafi gajarta ba.

Ana jan hankalin jami'ai da kada su kuskura su sanya hoton sa hannun shugaba ko hatimin ofis a cikin fayil ɗin shimfiɗa. Duk wanda ya kwafi wannan fayil ya sami ikon fitar da takardar bogi da ba za a iya bambanta ta da ta gaskiya ba. Sa hannu da hatimi su biyo bayan bugawa, bayan jami'in ya karanta abin da ke kan takardar.

Su kuma mutanen karkara da kan yi tafiya mai nisa don karɓar takarda, su duba ta tun a gaban tebur: suna na kan layinsa, haruffa ba su hau kan juna ba, ba a yanke layin ƙarshe ba. Wanda bai iya karatun boko ba ya nemi a karanta masa kafin ya bar harabar ofishin, domin gyaran da zai ɗauki mintuna kaɗan a ranar na iya zame masa sabon kuɗin mota idan sai a makaranta ko banki aka gano kuskuren.