Daga zinaren Elmina zuwa liyarin Mubi: Tarihin da ke narkewa a maƙera

A shekarar 1457 Sarki Afonso na Biyar na Fotugal ya buga kuɗin zinare mai suna kuruzado, da zinaren Afirka ta Yamma. Neman wannan zinare ne ya sa Turawan Fotugal suka gina sansanin Elmina a gaɓar tekun Ghana ta yau a 1482. Daga baya suka buɗe gidajen buga kuɗi a Birazil, inda tsakanin 1724 da 1727 aka buga dobrao, wanda nauyinsa ya haura giram 50. A yau masu tara tsofaffin kuɗi na rububin su a wuraren gwanjo, suna duba shekara da tambarin gidan da ya buga, domin a nan darajar take, fiye da nauyin zinaren.

Digil, a Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa, na da nata rabon irin wannan gado, sai dai na azurfa ne. Fatake sun shigo ƙasashen Borno da Adamawa da liyari, kuɗin Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Tereza, har mata suka mayar da shi abin ado. Mubi ta zauna ƙarƙashin Jamus, sannan Ingila, kafin ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta haɗe ta da Nijeriya. Kuɗi sun yi ta sauyawa, daga kwabo da anini masu huji har zuwa naira a 1973.

Abin fargaba shi ne, idan gida ya shiga matsi, ko aka zo rabon gado, maƙerin farfaru ne kan sayi irin waɗannan da awo, ya narke su ya ƙera zobe. Mai saye ma sai ya kula: an ci gaba da buga liyari da shekarar 1780 har bayan ƙarni biyu, don haka shekarar ba ta nuna tsufansa.

Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi waje ba tare da izini ba, kuma Babban Bankin Nijeriya na da gidan tarihin kuɗi a Abuja. Ma'aikacin da zai je gida hutu, ya dace ya tambayi tsofaffi abin da ke ƙasan adaka, ya ɗauki hotonsa, ya rubuta labarin yadda ya shigo gidan.