Kuɗin Baƙo a Jidda

Kowace ƙasa da irin kuɗinta. Na Nijeriya naira, tun 1973. Na ƙasar Makka kuwa riyal.

Idan maniyyaci ya bar Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni, ya hau jirgin sama a Kano, ya sauka Jidda, nairarsa ko shayi ba ta saya masa. Saboda haka tun a gida ake mayar da guzurinsa dalar Amurka. Da saukarsa sai ya nufi tagar masu canji, ya miƙa dala, a ba shi riyal. A farashin hukuma, dala 4 riyal 15 ke nan.

Wanda ya saba tafiya kaɗan yake canzawa a nan, gama canjin filin jirgi yakan fi na gari tsada. Sa'an nan ya ƙirga kuɗinsa kafin ya bar tagar.