Julian Edelman da Ƙofar Canton: Kofi Uku Sun Isa a Buɗe Masa?

A garin Canton na jihar Ohio da ke Amurka akwai wani gini da aka buɗe a 1963, Zauren Gwarazan ƙwallon Amurka. A wannan garin aka kafa gasar da ta zama NFL a 1920, shi ya sa aka kai zauren can. Duk wanda aka shigar da shi, ana ɗinka masa kwat mai ruwan zinare, a ba shi zobe, a ƙera siffar kansa da tagulla a girke a ciki. Ɗan wasa ba ya shiga sai ya shekara biyar da yin ritaya. Daga nan wani kwamiti na kimanin mutum 50, galibinsu 'yan jaridar wasanni, shi zai zauna a kansa, kuma sai kashi 80 cikin ɗari sun amince. Daga cikin 'yan wasan zamani ba a ɗaukar fiye da biyar a shekara. Ƙofa ce ƙunƙuntacciya, masu jira kuwa sun yi dogon layi.

A bakin wannan ƙofa ake ta musu a kan tsohon ɗan wasan NFL Julian Edelman tun ranar da ya ajiye takalmansa a watan Afrilun 2021. Ni ma ina da bakin magana a ciki, amma bari na fara da fayyace aikin da yake yi, don wasan nan ba irin wanda muka saba kallo a gidajen kallo ba ne.

Ƙwallon Amurka da hannu ake yin mafi yawansa. Mutum 11 ne a kowane ɓangare, fili yadi 100. Masu kai hari suna da dama huɗu su ci yadi goma. In sun ci, a sabunta musu damar, in sun kasa, ƙwallo ya koma hannun abokan hamayya. Wanda ya kai ƙwallo ƙarshen fili ya samu maki shida. Akwai mai jifa, shi ne jagoran hari, akwai kuma masu cafka waɗanda ke sheƙawa da gudu su kuɓuce wa masu tsaro, a jefo musu ƙwallo su cafke kafin ya taɓa ƙasa. Masu cafkar iri-iri ne. Wasu dogaye ne masu gudun tsiya da ke bin gefen fili, jifa ɗaya su ci yadi hamsin. Wasu kuma a tsakiya suke aiki, inda ƙattin masu tsaro suke jibge, su karɓi gajeren jifa na yadi bakwai ko takwas, sannan a make su da ƙasa, su tashi su sake. Edelman na wannan rukuni na biyu ne.

Ba ma a matsayin mai cafka ya taso ba. A jami'ar Kent State mai jifa ne, amma tsayinsa bai kai yadda ƙungiyoyin NFL ke so ba. A zaɓen sababbin 'yan wasa na 2009 sai a zagaye na bakwai, zagayen ƙarshe, New England Patriots ta ɗauke shi, shi ne mutum na 232. Shekarunsa na farko duk aikin da aka ba shi yi yake: ya tare ƙwallon da aka bugo da ƙafa ya dawo da shi, har a 2011 kociya Bill Belichick ya riƙa sa shi cikin masu tsaro da aka rasa mutane. Sai a 2013, bayan Wes Welker, mai cafkar da ke riƙe da wannan aiki, ya koma Denver, gurbi ya samu. A wannan kakar ya cafke ƙwallo 105, daga nan ya zama na hannun daman mai jifa Tom Brady.

Masu cewa a shigar da shi, hujjarsu ba ta wasa ba ce, kuma duk wanda ya taɓa hana idonsa barci don kallon Super Bowl, wasan ƙarshe da ake farawa wajen ƙarfe 12:30 na dare agogon Najeriya da Nijar, ya san abin da suke nufi. A watan Fabrairun 2015, Patriots na bayan Seattle da maki goma a zangon ƙarshe. Edelman ya cafke wani ƙwallo a tsakiya, Kam Chancellor na Seattle ya yi masa wata irin bangaza da za ta kwantar da mutum mako guda, ya miƙe ya ci gaba. Saura minti biyu a tashi, shi ne ya ci makin da ya sa suka wuce gaba, aka tashi 28 da 24.

Na 2017 ya fi wannan. Atlanta ta yi musu nisa, 28 da 3, mutane da yawa sun kashe talabijin. Patriots suka riƙa rage bashi har ya zama 28 da 20. Saura minti biyu da 'yan daƙiƙu, Brady ya jefa ƙwallo tsakiya, Robert Alford na Atlanta ya taɓe shi da hannu ya tashi sama. Edelman ya yi tsalle ya faɗa cikin masu tsaro uku, ƙwallon ya bugi ƙafar Alford, ya kuɓuce, ya sake kamo shi bai fi tsawon ɗan yatsa tsakaninsa da ciyawa ba. Atlanta ta nemi a duba bidiyo, aka duba ta kowace kusurwa, aka tabbatar ƙwallo bai taɓa ƙasa ba. Da ya taɓa, wataƙila da labarin ya sha bamban. Aka yi kunnen doki, aka shiga ƙarin lokaci, Patriots ta ci 34 da 28. Sannan a 2019, a wasan da aka tashi 13 da 3 da Los Angeles Rams, wasan da kusan kowa ya kasa motsi, shi ya cafke ƙwallo 10 ya ci yadi 141, aka ba shi kyautar gwarzon Super Bowl.

In aka haɗa duk wasanninsa na sili-ɗaya-ƙwale, ya cafke ƙwallo 118, yadi 1,442. Ranar da ya yi ritaya mutum ɗaya ne kawai yake gabansa a waɗannan alƙaluma biyu, Jerry Rice, wanda kusan babu mai jayayya cewa shi ne mai cafkar da ya fi kowa a tarihi. Magoya bayansa sai su ce: me ake nema a wasa in ba kofi ba? Ga mutum ya ɗauki uku, kuma a kowanne da guminsa a ciki.

Duk wannan na yarda da shi. Inda muka rabu shi ne abin da zauren yake aunawa. Kakar NFL ta zamaninsa wasa 16 ce kafin a shiga sili-ɗaya-ƙwale, kuma a nan ake gane wanda ya fi tsararrakinsa mako bayan mako. A shekara 12 da ya yi, Edelman ya cafke ƙwallo 620, yadi 6,822, ya ci sau 36. Sau uku kacal ya haura yadi 1,000 a kaka. Ba a taɓa zaɓensa ko sau ɗaya ba zuwa Pro Bowl, wasan da ake tara fitattun kowace shekara. Ma'ana, a duk tsawon aikinsa babu shekarar da aka ce yana cikin 'yan ƙalilan ɗin da suka fi kowa a matsayinsa.

Yanzu a dubi waɗanda suka daɗe a tsaye a bakin ƙofar. Torry Holt na Rams yana da yadi 13,382, an zaɓe shi Pro Bowl sau bakwai, yana da kofi. Reggie Wayne na Indianapolis ya cafke ƙwallo 1,070, yadi 14,345, shi ma yana da kofi. Hines Ward na Pittsburgh ya cafke 1,000 cif, kofi biyu, kuma shi ma an taɓa ba shi gwarzon Super Bowl, wato duk abin da ake yi wa Edelman kirari da shi yana da irinsa, ga ninkin alƙalumansa kusan biyu a yadi. Waɗannan mutane shekara da shekaru ana kiran sunansu ana ajiyewa. Da wane ido za a kalle su in aka tsallake su aka ɗauki mai yadi 6,822?

Akwai wani suna da ya fi damuna a wannan muhawara, Wes Welker. Aiki ɗaya suka yi, a ƙungiya ɗaya, da mai jifa ɗaya. Welker sau uku yana zama na ɗaya a yawan cafka a duk gasar, ya gama da 903. Bambancinsu shi ne Welker ya buga Super Bowl sau uku bai ci ko ɗaya ba. Wannan ya nuna mini abu biyu. Na farko, tsarin wasan Patriots da hannun Brady suna da kaso mai tsoka a abin da duk mai tsayawa a wannan gurbi ya samu. Na biyu, yawan wasannin sili-ɗaya-ƙwale da mutum zai buga, ƙungiyarsa ce ke ba shi, ba shi kaɗai ba. Edelman ya buga 19. Calvin Johnson na Detroit biyu kacal ya samu a rayuwarsa, don ƙungiyarsa ba ta zuwa ko'ina, amma a 2012 shi kaɗai ya ci yadi 1,964 a kaka ɗaya, kuma a 2021, shekarar farko da ya cancanta, aka buɗe masa ƙofa. Babu wanda ya yi gunaguni.

Magoya bayan Edelman suna da makami ɗaya da suke ji da shi: Lynn Swann na Pittsburgh, wanda ya cafke ƙwallo 336 kawai, yadi 5,462, amma yana cikin zauren saboda kofi huɗu da bajintar da ya nuna a wasannin ƙarshe. Gaskiya ne. Sai dai Swann ya fara wasa a 1974, lokacin da kaka wasa 14 ce, ƙungiyoyi sun fi gudu da ƙwallo a hannu fiye da jifa, kuma mai tsaro na iya tunkuɗar mai cafka har tsakiyar fili. A 1978 aka sauya doka, aka hana taɓa shi bayan yadi biyar na farko, tun daga nan alƙaluman masu cafka suke ta kumbura. A ma'aunin zamaninsa Swann fitacce ne, an zaɓe shi Pro Bowl sau uku. Duk da haka sai a 2001 ya shiga, bayan jira mai tsawo, kuma har yau akwai masu ganin an yi masa sassauci. Sterling Sharpe na Green Bay, da aka shigar a 2025, cafkarsa 595 ce, ƙasa da ta Edelman. Amma a shekara bakwai ya tara su kafin ciwon wuya ya tsayar da shi, kuma sau uku yana zama na ɗaya a yawan cafka a gasar. Gajeren aiki ba ya hana shiga, in dai mutum ya taɓa hawa ƙololuwa.

Wasu kan kawo dakatarwar wasa huɗu da aka yi wa Edelman a farkon kakar 2018 saboda karya dokar ƙwayoyin ƙara kuzari. Ban ɗora hukuncina a kanta ba. Ya yi zaman horonsa, kuma ko babu ita lissafin bai canza ba. Kwamitin ma ba waliyyi ba ne: sau biyu ya mayar da Terrell Owens, mai yadi 15,934, saboda ana ganin ba ya zaman lafiya da abokan wasa, har da aka ɗauke shi a 2018 ya ƙi zuwa bikin Canton, ya je tsohuwar jami'arsa a Chattanooga ya yi jawabinsa. Wanda ya ja wa irin wannan rai, ba shi da hujjar yi wa wani rangwame don ana ƙaunarsa.

Mai karatu da ya saba da tamaula zai tuna Mario Götze, wanda ya ci wa Jamus ƙwallon da ta doke Ajantina a wasan ƙarshe na kofin duniya na 2014. Jamusawa ba za su manta da shi ba, amma ba wanda zai jera shi da Beckenbauer ko Gerd Müller saboda wannan daren. Edelman ya fi Götze yawan irin waɗannan darare, na amince, amma tambayar iri ɗaya ce.

A 2025 ƙungiyar Patriots ta shigar da shi nata zauren gwarazan, ta ba shi jar kwat. Wannan hakkinsa ne, ba alfarma ba, don tarihin kofunan ƙungiyar uku na ƙarshe ba ya faɗuwa babu sunansa. Canton kuwa ta waɗanda suka mamaye matsayinsu ce a duk faɗin gasar, shekara bayan shekara, kuma bai taɓa yin haka ba. Da ina cikin mutum 50 ɗin nan, Holt da Wayne zan fara jefa wa ƙuri'a, sai Ward. Edelman ba zai samu tawa ba.