3.4 Saɓanin Hukuncin Keta Bayan Zuwan Na'urar VAR

Doka ta 12 cikin dokokin ƙwallon ƙafa, waɗanda hukumar IFAB ke tsarawa, ta kasa keta wajen ƙwatar ƙwallo gida uku. Idan ɗan wasa ya yi ganganci kawai, bugun tazara ake bayarwa. Idan ya shiga ba tare da kula da lafiyar abokin karawarsa ba, sai a ba shi katin gargaɗi. Idan kuwa ya yi amfani da ƙarfin da ya wuce kima, jan kati ne. Matsalar ita ce dokar ba ta da ma'aunin da zai raba mataki na biyu da na uku, sai idon alƙalin wasa.

A shekarar 2018 aka shigar da VAR cikin dokoki, wato alƙalin da ke duba hoton bidiyo, da sharaɗin ba zai sa baki ba sai in kuskuren a fili yake. To amma wa zai ce a fili yake? Shi ma mutum ne. Misali, a gasar cin kofin Afirka da aka yi a Kamaru, ranar 23 ga Janairun 2022 a Garwa, alƙalin wasa ya ba Alex Iwobi katin gargaɗi saboda taka ƙafar Youssef Msakni na Tunisiya. Da ya duba bidiyo sai ya mayar da shi jan kati, Nijeriya kuma ta fita da ci ɗaya da nema. Amma a watan Oktoban 2020 a Ingila, golan Everton, Jordan Pickford, ya afka wa gwiwar Virgil van Dijk har ya rasa sauran kakar wasan, ba a ba shi ko katin gargaɗi ba, domin hankalin masu dubawa ya tafi kan satar gida.

A ganin wannan bincike, rage gudun hoto na ƙara dagula lamarin, domin yakan sa takun da bai kai daƙiƙa ɗaya ba ya yi kama da na gangan. Shi ya sa masu kallo a gidajen kallon ƙwallo na 'Yankuzo da Tsafe da Gusau kan yi gardama a kan hoto guda da kowa ya gani sau biyar. A wasannin unguwa kuwa, inda babu kyamara, abin da rafali ya busa shi ke zama, sai dai 'yan kallo su matsa masa.